Filin Lissafi: Ribar da ta ƙi barin canji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan gwari a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Mun haɗa jari mun yi lodin kabeji da karas zuwa kudu. Da aka cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada, riba ta tsaya a kan naira 720,720. Mu goma sha uku ne, na raba a kalkuleta, kowa ya tashi da 55,440 cif. Sai gardama ta kaure, wai mutum biyu ba su cika kuɗinsu ba, a fitar da su. Na raba wa sha ɗaya, nan ma babu ragowa. Na gwada bakwai, takwas, tara, sha biyu, har sha shida, ko sisi bai ragu ba. Wani dattijo a cikinmu ya ce albarka ce ta sauka a kan kuɗin, wani kuma ya ce in yi hattara, wanda ya kawo lissafin ne ya ƙirƙiro adadin. Ina gaskiyar take?
Daga wani ma'ajin ƙungiya, Farin Gada, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar albarka ba zan ja da dattijo ba, kowane halak yana tare da ita. Amma dalilin da ya sa kuɗinku ya ƙi barin canji yana cikin lambar kanta, kuma da biro da bayan kwalin sukari za ka iya ganinsa.

Ka taɓa tsayawa wurin mahaucin da ya san aikinsa? Ba ya sara a tsakiyar ƙashi, gaɓa yake bi. Lamba ma gaɓoɓi gare ta, kuma haka za mu bi taku. Raba 720,720 biyu, ka sami 360,360. Sake rabawa, 180,180. Sake, 90,090. Sake, 45,045. Nan biyu ta tsaya, domin mun faɗo kan mara. Ke nan akwai biyu har sau huɗu a cikinta. Koma kan uku: 45,045 ta ba da 15,015, ita kuma ta ba da 5,005, uku ta tsaya. Biyar ta shiga sau ɗaya ta bar 1,001. Wannan 1,001 da kake gani kamar ba ta da gaɓa, 7 × 11 × 13 ce. Ga lambarku a feɗe:

720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13

Waɗannan ƙananan, wato 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13, su ne ake kira gagara-rabo: babu mai raba su sai ɗaya da su kansu. Kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa an ninka gagara-rabo ne aka same ta, kuma hanya ɗaya tak ake feɗe ta. Ko daga sha uku ka fara, ko daga biyu, waɗannan guda goman za ka tarar.

To yanzu duba abin da ya ba ka mamaki. Lamba tana raba wata ne idan duk gaɓoɓinta suna cikin waccan. Sha biyu tana buƙatar 2 × 2 × 3, suna nan. Sha huɗu tana son 2 × 7, suna nan. Sha biyar, 3 × 5. Sha shida tana son biyu har huɗu, kuma huɗun ne cif a ciki. Ka tsaya a sha shida, da ka ƙara taku ɗaya da ka ga iyakarta. A ce ku goma sha bakwai ne, kowa zai karɓi 42,395, naira biyar ta ragu a kan tebur, domin babu 17 a cikin gaɓoɓin. Haka 19 za ta bar 12. Ita ma 25 ba za ta shiga ba, biyar biyu take nema alhali ɗaya ce a ciki.

Lambobi nawa ne ke raba ta gaba ɗaya? Ba sai ka kwana kana danna kalkuleta ba. Duk mai raba ta, zaɓi ne daga gaɓoɓin nan. A wajen biyu kana da zaɓi biyar: kada ka ɗauka sam, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, ko huɗu. A wajen uku zaɓi uku ne. Sauran huɗun kuwa, 5 da 7 da 11 da 13, kowace ko ka ɗauka ko ka bari, zaɓi bibbiyu. Ninka su: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, ya ba ka 240. Lambobi 240 ke raba ribarku ba tare da ragowa ba, in an haɗa da ɗaya da ita kanta.

Nan ne na ajiye biro na sake karanta wasiƙarka. A duk lambobin da ke ƙasa da 720,720 babu wadda ta kai masu raba ta 240. Wadda ta fi matsowa ita ce 665,280, tana da 224. Kuma har ka ƙirga zuwa miliyan ɗaya ba za ka sami wadda ta wuce 240 ba, sai dai masu yin kunnen doki da ita, irin su 831,600. Sai an kai 1,081,080 kafin a sami mai 256. Irin waɗannan lambobi da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su aji ne guda a ilimin lissafi, kuma wani haziƙi ɗan Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya yi dogon rubutu a kansu a 1915. Jerinsu ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, ya bi ta kan 240 da 360 da 720 da 2,520. Bugu da ƙari, 720,720 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowa daga 1 zuwa 16 ke rabawa, kamar yadda 2,520 take mafi ƙanƙanta ga 1 zuwa 10.

In ka lura, sunayen da ke cikin jerin nan ba baƙi ba ne. Dozin 12 ce, yini da dare awa 24, awa minti 60, da'ira digiri 360. Mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙirga, daga gare su muka gaji mintocin agogo. Dattijon nan naku ma zai tuna kafin a canza kuɗi a ranar 1 ga Janairu 1973: kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, wato kwabo 240 a fam guda. Lambobi 20 ke raba 240, ɗari kuwa 9 kawai. Fam guda yana rabuwa wa mutum uku ko shida ko takwas ba tare da an nemi canji ba, naira ɗaya kuwa ba ta rabuwa uku. A ganina naira ta sauƙaƙa wa akawu rubutu, amma a wajen rabo tsohon kuɗi ya fi ta.

Masu rabon gado su ma sun san wannan tun da daɗewa. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi duk suna fita daga 24, shi ya sa ake yawan kafa asalin mas'ala a kanta ko a kan 12 ko 6. Idan kason magada ya haura asali aka yi auli, 6 takan koma 7 ko 8 ko 9 ko 10, 12 ta koma 13 ko 15 ko 17, 24 kuma ta koma 27. Da kuɗinku tarika ce, da ta rabu lafiya a dukkan waɗannan in ban da biyu: 17 da muka gani, da 27, wadda ke neman uku sau uku. Mamacin da ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, mas'alarsa 27 ce, kuma a nan naira tara za ta ragu.

Sauran batun wanda ya ce an ƙirƙiro adadin. Akwai abin da ke ba maganarsa ƙarfi kaɗan. Duk lamba mai alƙaluma uku da ka rubuta sau biyu a jere, kamar 720 da 720, ko 358 da 358, ka ninka ta ne da 1,001, don haka dole 7 da 11 da 13 su raba ta. Da wannan nake kama hankalin 'yan aji ɗaya a ranar farko: kowa ya rubuta tasa a ɓoye, ya maimaita ta, ya raba da 7, ya raba amsar da 11, ya sake rabawa da 13, sai ga lambarsa ta dawo masa. Har akwai yaron da ya taɓa matsawa daga kusa da ni yana karanta Ayatul Kursiyyu. Saboda haka mai son ƙago adadin da zai rabu wa sha uku ya kuma rabu wa sha ɗaya, hanyar a buɗe take. Sai dai ni ban ga abin da mai ha'inci zai ci da kyan lamba ba. Mai cin kuɗin jama'a adadi mai datti yake kawowa don kada a lura. Shawarata ku zauna da rasiɗan mota da na dillalai ku sake tarawa a gaban kowa. In 720,720 ta sake fitowa, ku raba abinku. Batun mutum biyun can kuwa, kalkuleta ba za ta yanke muku shi ba, ku koma kan abin da kuka yi alkawari ranar haɗa jari.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aji biyar na sakandare. An koya mana cewa idan aka ninka gagara-rabo a jere aka ƙara ɗaya, amsar ma gagara-rabo ce. Na gwada 2 × 3 + 1 na sami 7, na gwada 2 × 3 × 5 + 1 na sami 31. Haka abin yake har abada? Kuma wace ce babbar gagara-rabo a duniya?
Daga wata ɗaliba, Gangare, Jos.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika gwada da hannunki. Ci gaba da gwajin. Da 7 za ki sami 211, da 11 ki sami 2,311, duk gagara-rabo ne. Da kin saka 13 sai 30,031 ta fito, ita kuwa 59 × 509 ce. Ke nan maganar ta karye a kan gagara-rabo ta shida, wato 13.

Abin da aka so gaya muku hujja ce ta Iƙlidis, masanin Girka da ya zauna a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, amma an gutsure ta a hanya. Shi cewa ya yi: kawo kowane jerin gagara-rabo, ninka su, ƙara ɗaya. Babu ko ɗaya cikin jerin da za ta raba sabuwar lambar, domin kowace za ta bar ragowar ɗaya. To sabuwar lambar ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa wata gagara-rabo da ba ta cikin jerin tana raba ta. Ko wanne ne, an sami sabuwa. A misalinmu 59 da 509 su ne sababbin. Hujjar ba ta yi alkawarin cewa amsar za ta zama gagara-rabo ba. Abin da ta tabbatar shi ne jerin ba ya ƙarewa.

Ari lambar Alhajin da ke sama ki ƙara mata ɗaya: 720,721. Kin riga kin san daga 2 zuwa 16 babu mai raba ta. Sai ki fara daga 17, ki bi gagara-rabo kaɗai: 19, 23, 29, 31, 37, haka dai. Ba sai kin je har dubu ɗari bakwai ba. Masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kuma ƙaramin ba ya wuce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Tunda 849 × 849 ta haura 720,721, in kin kai 848 ba ki sami komai ba, kin gama. Amma ba za ki kai can ba. Za ki wuce 61 da 67 hannu rabbana, a kan 71 sai ta buɗe: 71 × 10,151. Dukansu biyu gagara-rabo ne. Dubi ikon Allah: 720,720 tana da masu raba ta 240, maƙwabciyarta ta jikin bango tana da huɗu kacal, wato 1 da 71 da 10,151 da ita kanta. Girman lamba ba ya gaya miki komai game da halinta sai kin feɗe ta.

Ki lura da wani abu kuma. Ninka 71 da 10,151 aikin minti ɗaya ne a takarda, amma gano su daga 720,721 sai da kika yi rabawa goma sha huɗu. Idan gagara-rabon biyu kowace tana da alƙaluma ɗari uku, kwamfuta za ta ninka su kafin ƙiftawar ido, amma warware su ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su yau. A kan wannan bambanci aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a Amurka a 1977, kuma yana cikin hanyoyin da ake kare mu'amalar banki da intanet da su. Duk ranar da wani ya ce miki wannan darasi ba shi da amfani a kasuwa, ki nuna masa mai POS na bakin titi.

Babbar gagara-rabo kuwa babu ita, hujjar Iƙlidis ta rufe wannan ƙofa. Akwai dai mafi girma da aka gano. A watan Oktoba 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wadda ake samu idan aka jera biyu sau 136,279,841 aka ninka su sannan aka cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Ya yi aikin ne a ƙarƙashin shirin GIMPS, na masu sa kai da ke ba da aron kwamfutocinsu tun 1996. Masu wannan siffa, ninkin biyu a cire ɗaya, ana kiran su da sunan Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. Ƙananansu su ne 3 da 7 da 31 da 127, ta Durant kuma ita ce ta 52 da aka sani.

TAMBAYA: Gafarta Malam. A wajen wani malaminmu na ga an rubuta 220 da 284 a gefen hatimi, ya ce lambobin mahabba ne. Masu boko sun san da wannan?
Daga wani magidanci, Rikkos, Jos.

AMSA: Malam, sun sani, kuma a hannun masanan daular Musulunci ilimin ya bunƙasa kafin su Fermat na Turai su ɗauke shi. Tara duk masu raba 220 ban da ita kanta: 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55, 110. Jimla 284. Yanzu tara na 284: 1, 2, 4, 71, 142. Jimla 220. Kowace tana haifar da 'yar'uwarta, shi ya sa ake ce musu aminan juna.

Wannan tarawar ita ce ma'aunin da magabata suka kasa lambobi gida uku da shi. Idan jimlar ta gaza lambar, mai giɓi ce, kamar 284. Idan ta haura, mai rara ce, kamar 220 ko 12. Ribar 'yan gwarin can rararta ta yi yawa, masu raba ta sun taru sun ba da 2,529,072, fiye da ninkinta uku da rabi. Idan kuwa jimlar ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce: 6 ita ce 1 + 2 + 3, sai 28, sai 496, sai 8,128, daga nan sai a yi tsalle zuwa 33,550,336. Kowace gagara-rabon Mersenne tana haifar da kammalalliya guda, don haka 52 aka sani, dukansu cika. Ko akwai kammalalliya mara, tambaya ce da ta gagari masana sama da shekara dubu biyu.

Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, shi ya fitar da ƙa'idar samo aminan juna. Dubi 220, 4 × 5 × 11 ce, 284 kuma 4 × 71. Ƙara wa 5 da 11 ɗaya-ɗaya ka ninka, 6 × 12, ka sami 72, wato 71 da ɗaya. Sirrin ke nan. Matsa gaba zuwa 16 da 23 da 47: 24 × 48 ta ba da 1,152, a cire ɗaya 1,151, kuma gagara-rabo ce. Sai ga 16 × 23 × 47, wato 17,296, da 16 × 1,151, wato 18,416, aminan juna ne. Kamaluddin al-Farisi ya san wannan biyun tun ƙarni na 14, Fermat na Faransa bai kai gare su ba sai 1636. Ƙa'idar ba kullum take ci ba: a kan 8 da 11 da 23 tana ba da 287, wadda 7 ke rabawa, sai aikin ya rushe. Akwai kuma waɗanda ba ta kamawa sam, kamar 1,184 da 1,210, da suka kuɓuce wa manyan Turai har sai da wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16 ya tsinto su a 1866.

Shi hatimin ma lissafi ne tsantsa a gininsa. Mai gida tara, daga 1 zuwa 9, ko ta ina ka tara 15 za ka samu. Wani malaminmu na Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya rubuta hanyoyin gina irin waɗannan a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ibn Khaldun ma ya kawo labarin masu amfani da 220 da 284 don haɗa zukata, ka ga al'adar ta daɗe. Iyakar abin da lissafi ya tabbatar dai shi ne jimlar nan da muka yi tare. Bai ce takarda za ta juya zuciyar kowa ba, hukuncin aikin kuma na malaman shari'a ne, su za ka tambaya.

TAMBAYA: Malam, yaya zan gane ko lambar wayata gagara-rabo ce?
Daga wani mai gyaran waya, Ahmadu Bello Way, Jos.

AMSA: Cire sifirin farko, ka rage da alƙaluma goma. In ta ƙare da 0, 2, 4, 5, 6 ko 8, zance ya ƙare, ba ita ba ce. In ba haka ba, tara alƙaluman. Idan uku ta raba jimlar, ta raba lambar. In ta tsallake wannan ma, sai a gwada ta da gagara-rabon da ke ƙasa da 100,000, su 9,592 ne, aikin da wayar da ke hannunka za ta gama kafin ka ɗaga kofin shayi. A lambobi masu wannan girma, kusan ɗaya cikin 23 ce ke fitowa gagara-rabo, don haka kada ka sa rai da yawa. Kuma don Allah kada ka turo mini lambar, edita ba ya bari a buga lambar kowa a wannan fili.